Koren Murfi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara, da maigidanki mai jiki. Allah ya tashi kafaɗunsa. Inna tana gaishe ki. Ciwon ƙafarta ya ɗan lafa, shi ya sa ta koma hawa kujera tana share yanar gizo, in na yi magana ta ce ita ta haife ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayar hannuna ta kamfani ce, Baffa ya saya, shi yake sa mata kati, kuma kullum sai ya tambaye ni ko tana da caji. Ni ban yarda da kyautar da mai ita yake bibiyarta haka ba. Direba, mai tuƙa motar kayanmu, zai miƙa miki wannan in ya tsaya shan ruwa, tunda hanyar kan iyaka ta ƙofarku ta bi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na je aski wurin wanzamin bakin tasha, mai surutun nan kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Ya gama, ya ɗauko kwalba ya fesa mini a wuya. Tun kafin in juyo hancina ya gane. Turarenmu ne, haɗin Baba, mai ɗan ɗacin nan a ƙarshe. Na ce madalla, kasuwa ta kai har nan. Sai idona ya faɗa kan murfin. Kore ne, Yaya. Kore shar.

Kin yi aure kafin a fara fitar da kaya waje, don haka bari in yi miki bayani. Da sifirit ake haɗa turarenmu, kuma duk kwalbar da za a sayar a cikin ƙasa sai an biya mata harajin masana'anta kafin ta bar ƙofa. Ita ce mai jan murfi, da 'yar takardar hukuma manne a wuyanta. Wadda za a kai ƙetare an yafe mata harajin, bisa sharaɗi guda: kada ta kuskura ta leƙa kasuwar gida. Ita ce mai koren murfi. Sitonta kwaɗo biyu ne, mabuɗi ɗaya wurin Baffa, ɗaya wurin Ofisa, jami'in da hukumar haraji ta girke mana a cikin kamfani. A gabansa ake loda mota, shi yake ɗaure ƙofarta da waya ya danne da dalma, ba mai kwancewa sai a kan iyaka.

To ta ina wannan ta bi har ta zo ta zauna tsakanin reza da hoda?

Na ce, "Maigida, ina ka samo wannan?" Ya ce, "Au, ka ji bambanci ko? Ai ɗan waje ne. Ba irin naku mai jan murfi ba da kuke sirkawa da ruwa." Kin ji fa! Tanki ɗaya, injin ɗaya, ni nake tsayawa a kai ana zubawa. Wai ƙanwar matarsa ce ta kawo masa tsaraba, a wurin wata mata ta saya, mai sayarwa a cikin gida, da araha. Na ce wace mata, a wane gari? Ya ce shi wanzami ne ba ɗan sanda ba, in biya shi in ba na baya kujera.

Za ki ce ina ruwana. Ruwana shi ne hannuna. Kin tuna bara da Baffa ya tara ma'aikata ya ce, "Daga yau Auta ne zai riƙa sa hannu a takardun fita, tunda shi ne mai karatunmu"? Ni kuma kaina ya kumbura kamar balan-balan. Mutumin da bai gama makaranta ba, wanda ya ƙarasa koyon karatu da tsofaffin jaridun da muke naɗe kwalabe, yau an ce shi ne mai karatu. Na karɓi biro ina washe baki.

To na samo littafin dokar a wurin mai tsofaffin littattafai, bangonsa ya cire, wani ya zuba masa mai. Yaren lauyoyi ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, amma na bi shi da ƙamus da yatsa har na fito. Ya ce in kayan da aka yafe wa haraji suka ɓulla a cikin gida, wanda ya sa hannu shi ake fara kamawa. Bai ce mai kamfani ba. Bai ce baffan kowa ba. Wanda ya sa hannu.

Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa kowa ba. Ke kaɗai ce nake iya buɗe wa cikina a duk gidan nan. Ki ba Direba amsa in zai dawo, ki manne ta da kyau.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta na Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta a tsaye ina juya magani a kofi. Muna nan lafiya. Baban yara yana nan yadda ka san shi, sai dai yanzu yana iya riƙe cokali da hagu, yara har tafi suka yi masa. Ya ji na ambaci sunanka ya yi ta ƙoƙarin magana, na san gaisuwa ce.

Oh ni, Auta. Kai dai tun kana rarrafe ba a ajiye maka abu ka bar shi a rufe. Kwalba ɗaya ka gani a shagon wanzami, shi ne ka cika mini takarda gaba da baya kamar mai rubuta ƙara? Mutane ba sa tafiya ne? Ƙila wata ta sayo ta can ƙetaren ta dawo da ita cikin jakarta. Ka taɓa ganin an tsare mace a kan iyaka saboda turaren jikinta?

Littafin nan da ka ce an zuba masa mai, ka tabbata ba tsohuwar doka ba ce da aka daɗe da canzawa? Ka san halinka, in ka karanta abu sai ka ɗauka ba wanda ya taɓa karanta shi kafin kai. Baffa ya fi ka daɗewa a sana'ar nan. Tun kana cikin zanen goyo yake tare da Baba a gaban tanki. Ba na ce waliyyi ba ne, amma tun rasuwar Baba ba a taɓa yanke wa Inna wuta ba, ma'aikata ba su taɓa zaman jiran albashi ba. Ka riƙa tuna wannan kafin ka buɗe baki.

Shawarata ita ce ka yi aikinka, ka sa hannu inda aka nuna maka, ka dawo gida ka ci abinci. Ka bar maganar murfi. In ƙarfin nan ya yi maka yawa, ka nemi mata, ita za ta sama maka abin bincike har ka gaji.

Kuma don Allah kada ka kai maganar nan ko'ina. Ko'ina, Auta. Ka ji ni?

Ka gaida Inna, ka ɓoye kujerar.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin cokali, Allah ya sa ƙafa ta biyo hannu. Maganar aure kuwa na ajiye ta inda kika ajiye tambayata.

Na koma wurin wanzami. Ƙanwar matarsa ko fasfo ba ta da shi, ba ta taɓa ganin kan iyaka ba. A cikin ƙasar nan ta saya, a wani gari kan babbar hanya, kuma ta ce matar kwali-kwali take da su a ƙarƙashin gado. Littafina kuma ba tsoho ba ne, na gwada shi da na kan teburin Ofisa ranar da ya fita alwala.

Yanzu saurari abin da na gano. Doka ta san kwalba tana fashewa, don haka ta yarda a cire wadda ta fashe daga lissafi, muddin Ofisa ya gani da idonsa an zubar da ita. Kin tuna ramin bayan kamfani inda Baba yake sa a zuba fasassu, wanda yake kora mu in mun je da silifa? Kowace loda sai an kawo mini takarda an ce kaza sun fashe a siton kore, in sa hannu. Ina sawa. Jiya na zagaya in ga ramin. Yaya, ciyawa ta rufe shi har gwiwata. Akwai ƙadangaren da ya yi iyali a ciki. Gilashin da ke wurin duk ya dushe, na zamanin Baba ne. Kwalaben da suke ta fashewa a takarda, ko ɓarɓashinsu babu a ƙasa.

Ofisa fa? Bawan Allah ƙirji gare shi. Ƙamshin sifirit yana shaƙe shi, in ya shiga sito sai ya fito yana huci kamar tsohuwar mota a kan tudu. Don haka ɗakinsa yake zama, taga a rufe, hankici a hanci. In za a buɗe sito sai ya miƙo wa Baffa mabuɗinsa ta ƙofa ya ce, "Alhaji, ku yi abin da ya dace." Kwaɗo biyu, aljihu ɗaya. Rashin lafiya ce kawai, ko an haɗa masa da wani magani da ba a sayarwa a kemis? Ban sani ba. Na dai ga ya sake tayoyin motarsa duka.

Amma ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. Shekaranjiya Baffa ya wuce ta gaban teburina, ya tsaya, ya dubi kaina ya ce, "Askin nan ya karɓe ka. Na bakin tasha ne ko? An ce har turare yake fesa wa mutum." Ya yi murmushin nan nasa na gefen baki ya wuce.

Wa ya gaya masa? Ban faɗa wa kowa ba sai takarda. Takarda kuma hannu ɗaya ta bi. Direban nan mai fuskar salihai, mai "ranka ya daɗe" ga yaron da ya girma da shekaru, ashe yana turara ambulan a bakin butar shayi. Wannan na naɗe ta da salatif na ja biro a kan bakin. Ki duba da kyau kafin ki yage, in layin ya karkace ki gaya mini.

Na karanta wani hukunci a bayan littafin, na wasu masu sabulu. Su ma irin haka ce, kayan fita suna zubewa a hanya. Kamfani ɗaya ya kai kansa kafin a zo bincike, aka ce ya biya harajin da tara, aka bar masa lasisinsa. Ɗayan ya zauna har aka kama shi. An garƙame masana'antar, akawun da ya sa hannu kuma aka wuce da shi kotu, mai kamfanin yana gida yana shan iska. Sashen a fili yake: wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗa kafin a buɗe masa fayil, ana yi masa sassauci.

Masu bincike daga babban ofis za su zo sabunta lasisi in wata ya kama. Ba masu ƙirji ba ne su, za su zagaya bayan kamfani. Ni ba zan zauna in jira a zo a same ni da biro a hannu ba. Zan je kafin su zo. Injin da Baba ya mutu yana gyarawa ba zai ruɓe a bayan hatimin hukuma ba saboda haɗamar ƙaninsa, ni kuma ba zan ci wa wani ɗauri ba.

Kin ce kada in kai ko'ina. Ki ba ni dalili ɗaya wanda ba "Baffa ya girme ka" ba.

Ki gaida mai jiki.

Auta

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ga ya fi in rubuta maka in ajiye a teburinka, domin kwana biyu in na shigo ta wannan ƙofa sai ka fita ta waccan, kuma ko an zauna, bakinka ya fi kunnenka sauri. Ba laifinka ba ne, haka mahaifinka yake yana matashi, Allah ya jiƙansa.

Na sami labarin kana shirin zuwa babban ofis. Ba zan hana ka ba. Kai baligi ne, kuma mai karatu, ni da bakina na faɗa a gaban jama'a. Abubuwa kaɗan kawai nake so ka ɗauka ka tafi da su.

Ka daina hararar Direba. Bawan Allah ko sunansa bai iya rubutawa ba, da yatsa yake karɓar albashi. Ka ba shi takarda a buɗe ma, sai dai ya yi fifita da ita. Ranar nan ya zo mini kamar zai yi kuka, yana tambaya me ya yi maka.

Ofisa kuma mutum ne mai iyali, saura kaɗan ya yi ritaya. Tayoyin da kake ƙirga masa surukinsa ne ya saya. In ka ambaci mabuɗi, ka san abin da ka yi wa tsufansa.

Sa hannun da ke kan takardun nan naka ne. Ban riƙe maka hannu ba, ban ɓoye maka shafi ba. Duk wanda za ka zauna a gabansa, abin da zai fara dubawa ke nan. Littafinka ya yi maka alkawarin sassauci, to littafi ba shi ne zai zauna a kujerar ba, mutum ne, kuma ba ka san da wace ƙafa ya tashi ba.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Za su tambaye ka ina kayan suke sauka. Ba za su bar ka ka tashi ba sai ka amsa. Ka san amsar? Na ga ka binciki rami, ka binciki wanzami, ka binciki tayar mota. Ka binciki wannan tukuna. In ka sani, kuma har yanzu ƙafarka tana son hawa matakalar, to bismillah, ni zan ba ka kuɗin mota.

Ɗan'uwana ya bar mini amanar gida, ba amanar injin kaɗai ba. Yadda na riƙe ta, Allah ya gani. Mahaifiyarka ba ta san komai ba, kuma jininta ba ya son tashin hankali.

Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka.

Baffanka

*

Yaya,

Gaisuwa, don an ce a yi. A kan murfin tankin mota nake rubuta wannan, Direba yana jira, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Ko kada ki yi.

Wata takardar na rubuta miki da farko, doguwa, har da kwafin wasiƙar Baffa a ciki don ki ga irin makircinsa. An gama loda, Ofisa ya fito da hankicinsa ya danna dalma ya koma. Na hau gaban mota in ba Direba haƙuri in miƙa masa saƙo. Kin san ɗan gadon nan na bayan kujera inda yake kwanciya? Na dafa bargon zan zauna, sai na ji ƙarar gilashi.

Ya ce, "Yi a hankali, ranka ya daɗe, kayan yayarka ne."

Na ɗaga bargon. Kwalaye ne jere, an ɗaure da igiya. Na farke ɗaya da farce.

Ya ce, "Ai kowace tafiya nake sauke mata. Tare da takardarka ma nake miƙawa, kwali a dama, takarda a hagu. Au, ba ka sani ba?" Yana faɗa yana dariya, shi a ganinsa zumunci yake yaba mana.

Mata mai sayarwa a cikin gida. Gari a kan babbar hanya. Kwali-kwali a ƙarƙashin gado. Gadon da nake zama a bakinsa in na zo duba mai jiki, ina ba ku labarin duniya!

Kuma Direba bai iya karatu ba. To wa ya karanta wa Baffa labarin wanzami? Na zagi bawan Allah a zuciyata har na gaji, na ɓata salatif, ashe ambulan ɗin a hannun mai ita ake buɗe ta, a ɗauki waya a kira. "Ke kaɗai ce nake iya buɗe wa cikina." Kin yi dariya da kika zo wurin? Ko kin bari sai da kuka yi tare?

Kin ce in sa hannu inda aka nuna mini in dawo in ci abinci. Kin san abin da nake sa wa hannu, kin san wanda za a kama, kika ce in nemi mata.

Tun yaushe? Abin da nake so ki gaya mini ke nan. Kada ki ce mini Auta na Inna.

Ga kayanki nan, ban taɓa sauran ba.

*

Auta,

Salamu alaikum. Na karɓi kwalayen, na karɓi takardar. Ban yi dariya ba, ko a wancan karon ko a wannan.

Tun yaushe? Tun bayan faɗuwar baban yara. Ka san Baba yana raye duk motar da za ta bi ta nan sai ya sa mini kwali guda, mai jan murfi, in raba wa maƙwabta in sayar da saura. Da ya rasu, mai gidana ya faɗi, aikinsa ya tafi, na kira Baffa na ce a ba ni wani abu daga gadona. Ya ce babu tsabar kuɗi, komai yana cikin injin da odar waje, amma zai riƙa turo mini kaya kamar yadda Baba yake yi, ya ƙara yawa. Da suka iso na ga murfin ya canza, na tambaya. Ya ce rabon gida ne, an riga an cire shi daga lissafi. Na so in yarda, sai na yarda. Ranar da ya aiko a ce in riƙa ƙona kwalayen in sun ƙare, na san akwai magana. Na ƙona. Ban sake tambaya ba.

Abin da ban sani ba shi ne hannunka. Wallahi, Auta, sai a takardarka ta farko na san wanda ya sa hannu ake kamawa. Ina gama karantawa na ɗauki waya. Na kira Baffa ba don in kai ƙararka ba, na kira in ce ya cire sunanka ya daina turowa. Ya ce in ya daina yau, na jiya ba za su koma cikin kwalba ba, kuma in magana ta fito har da mai karɓa za a tafi. Ya ce in lallashe ka har masu bincike su wuce, daga nan zai gyara komai. Shi ne na rubuta maka abin da na rubuta. Na san bai kamata ba tun biro yana hannuna. Da ta biyu ta zo na ga ka ce za ka je, tsoro ya sa na sake kiransa na karanta masa.

Ka lura da abin da ya yi? Mu biyu ne magadan da za su iya tambayarsa lissafi. Ya ɗaure ka da biro, ya ɗaure ni da kwali. Ko da gangan ya yi, ko haka abin ya zo masa, ni har yau ban iya rabewa ba, kuma na daina ƙoƙari.

Kai ka karanta sashe da hukunci. Ni takardar asibiti na iya karantawa. Matan unguwa koren murfi suke so, sun ce ɗan waje ne, ba sa ko taya shi. Da shi nake sayen allurar da ta sa hannun nan ya riƙe cokali. Da shi nake biyan mai zuwa motsa masa gaɓoɓi. Mutumin nan ni nake ɗaga shi, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. In aka zo aka tafi da ni ko na mako guda ne, ka gaya mini wa zai yi. Babbar 'yata ko tukunya ba ta iya saukewa ita kaɗai.

Ban ce kada ka je ba. Na faɗa sau ɗaya, kuma ba ni da bakin maimaitawa. In ka zauna suka zo suka ga ramin, kai za a ɗauka, ni kuma ba zan iya kallon Inna ba har in mutu. In ka je ka faɗi duka, ni ce. Na juya abin ta kowane gefe ban ga inda ba ya yanka ba.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda kai ne mai littafi. Me ya ce game da mai karɓa? Ka gaya mini gaskiya, kada ka sassauta.

Na gaya wa Direba kada ya sake sauke mini komai. Waɗannan na tura su can ƙuryar gado, ban san yadda zan yi da su ba, ɗakin duk ƙamshin Baba.

Ka ce kada in kira ka da sunan nan. To. Allah ya tsare mini kai.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ta gidan waya wannan za ta zo, ba ta hannun kowa ba.

Amsar tambayarki: mai karɓa da mai sa hannu layi ɗaya littafin ya sa su.

Na je da safe. Baffa ya gan ni da rigar fita, ya sa hannu a aljihu wai kuɗin mota. Na wuce shi na tafi a ƙasa.

Wata babbar jami'a aka kai ni wurinta, mai tabarau a kan hanci, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Na faɗa mata rami, na faɗa mata mabuɗi, na faɗa mata takardun fashewa, na ce hannun da ke kansu nawa ne. Tana ta rubutu ba ta ɗago ba. Na karanto mata sashen da ka. Ta ce, "Ka iya shi. Ka karanta ƙarshensa?" Na ce na karanta. Ta ce, "To ka san sharaɗi biyu ne. A zo kafin a buɗe fayil, kuma a faɗi duka." Na ce an buɗe ne? Ta ce ba ita ke amsa tambaya a ɗakin ba.

Sai ta ce, "Ina kayan suke sauka?"

Na ce ban sani ba.

Ta ajiye biro ta dube ni ta saman tabarau. Ta sake tambaya. Na sake cewa ban sani ba. Ta rubuta, ta juyo mini takardar, na sa hannu. Duk na baya ban san ƙarya nake sa wa hannu ba. Wannan na sani.

Ta ce in koma aiki, kada in yi tafiya, za a neme ni. Na kai bakin ƙofa na kama mariƙi, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka gaida yayarka. Ya mai jiki?"

Yaya, ban gaya mata ina da yaya ba. Ashe tun kafin in shigo ta san amsar tambayarta.

Ki kula da kanki, ki gaida yara. Kada ki ba ni amsa a rubuce.

Ƙanenki,
Auta